Yatsa Ɗaya a Hanyar Kellan

Tun da safe hayaƙi ya iso babban birnin jihar. Ita wutar ba a ganinta, tana can bayan duwatsu, tafiyar 'yan awoyi a mota, amma iskar arewa mai zafi ta kwaso warinta ta kawo har ƙofar majalisa. Rana ta yi ja, ana iya kallonta ido da ido. Ƙonannun ganyen bishiyar turare suna saukowa ɗai-ɗai a kan matakala, masu shara suka share har suka gaji suka bari.

Glenys Hocking tana tsaye a tagar ofishinta, shayinta ya huce a hannu. Ita ce Mataimakiyar Firimiya, wato shugaban gwamnatin jihar, ita ce kuma Ministar Ruwa da Noma. Ba a dare ɗaya ta kai nan ba. Ta bar ƙauyensu Kellan tana budurwa, ta koyar a makarantar firamare a garin tashar jiragen ruwa, ta shiga ƙungiyar malamai, daga nan mutanen garin suka turo ta majalisa. Ta riƙe ma'aikatar sufuri, ta riƙe ta lafiya, ta ɗanɗani zaman adawa har ta san ɗacinsa, ta ga faɗuwar shugabannin jam'iyya biyu tana tsaye. Ba ta da farin jinin 'yan jarida, ba ta iya barkwanci a talabijin ba. Jarinta ɗaya ne, kuma har abokan gaba sun yarda da shi: idan Glenys ta ce e, to e ɗin ce.

A kan wannan jarin ne Merv Kleinig ya shigo ofishinta jiya da yamma, bai ko ƙwanƙwasa ba. Merv ɗan adawa ne, shi ke wakiltar Kellan da kewaye, shi ne kuma kyaftin ɗin 'yan kwana-kwana na sa-kai na yankin tun kafin ya shiga siyasa. Aji ɗaya suka yi da Glenys. A zauren majalisa sun sha zagin juna har Kakaki ya kore su tare.

"'Yar Arch, wuta ta tsallake kwarin Tolley," in ji shi. "Gida zan tafi."

"Da wannan tumbin za ka kashe wuta? Rigar ma ba za ta shige ka ba."

"An ƙara mata ƙyalle. Haɗi nake so. Kuma da ke nake so a haɗa ni, ba da wani ƙaramin ɗan majalisa na bencin baya ba."

Haɗi tsohuwar al'ada ce ta gidan. Idan larura ta ɗauke ɗan majalisa, ɗaya ɓangaren sai ya fitar da mutum ɗaya nasa ya zauna a waje lokacin ƙuri'a, don kada a ci ribar rashin lafiyar wani ko mutuwar uwarsa. Ba ya cikin kowace doka, babu kotun da za ta saurari ƙararsa. Baki ne kawai da hannu. Wannan zangon kuwa al'adar ta yi nauyi, don gwamnati da adawa sun yi kankankan, ɗan majalisa ɗaya mai zaman kansa daga yankin ma'adinai shi ke riƙe da gwamnati a tsaye.

"Ka je wajen bulaliyarmu mana, mai tsara mana ƙuri'u," ta ce. "Aikinsa ne."

"Wannan? Idan ya ba ni hannu sai na duba ko agogona na nan. Ke dai."

Ta miƙa masa hannu. "Je ka. Duk ƙuri'ar da za a kaɗa, ina waje har ka dawo."

"Duk?"

"Duk, Merv. Ka biya ka duba mini tsohon nan, babana. Ya ce ba zai bar tumakinsa ba."

Ta tagar nan ta ga fitarsa a tsohuwar a-kori-kurarsa mai laka har rufi, a tsakiyar motocin gwamnati masu sheƙi. Da ya zo daidai ƙasan tagar bai ɗago kai ba, ya dai ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari, ya wuce.

Haka ake yi a hanyoyin Kellan. Mota biyu suka haɗu, kowane direba ya ɗaga manuniya daga kan sitiyari. Ba a ɗaga hannu duka, wannan na baƙi ne da masu neman ƙuri'a. Ranar da mahaifinta Arch ya fara koya mata tuƙi, kafin ya nuna mata birki ya nuna mata yatsa. Shi da mahaifin Merv sun shekara da shekaru ba sa magana saboda rigimar shinge, amma ba su taɓa wuce juna a hanya hannu a kwance ba. Mutum ɗaya Glenys ta sani da aka hana wa yatsa, wani da ya kunna injin walda ranar da aka hana kunna wuta, gonar maƙwabcinsa ta ƙone, ya kuma rantse ba shi ba ne. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya taɓa shi. Kafin shekara ta zagayo ya sayar da gonarsa ya bar yankin.

Wajen tsakar rana labari ya fashe. Ɗan majalisar yankin ma'adinan nan mai zaman kansa ya kira 'yan jarida a matakalar majalisa, toka tana sauka a kafaɗarsa, ya ce an yaudare shi a kan asibitin garinsu, daga yau ba ya tare da gwamnati. Kafin ya gama share gumi, shugaban adawa ya gabatar da ƙudurin rashin amincewa. Za a yi muhawara da yamma, a kaɗa ƙuri'a kafin a tashi.

Glenys ba ta buƙaci a yi mata lissafi ba. Idan ta zauna a waje kamar yadda ta ce, gwamnati ta faɗi da ƙuri'a ɗaya. Idan ta shiga, an yi kunnen doki, Kakaki ya raba gardama, shi kuwa nasu ne. Ta ji tsoro, irin tsoron da ba ta ji ba ko a daren zaɓenta na farko.

Firimiya Dominic Vella ya shigo da kansa, ya rufe ƙofa da kansa, abin da bai saba yi ba. Mutum ne ɗan tsaf-tsaf, lauyan birni, wanda ƙafarsa ba ta taɓa shiga kashin tunkiya ba sai in akwai mai ɗaukar hoto. Ya zauna a gefen teburinta.

"Glenys. Kin ci abinci kuwa?"

"Faɗi abin da ya kawo ka, Dom."

"Kin san abin da ya kawo ni."

"Na ba mutumin hannu."

"Kin ba shi hannu a kan dokar lasisin kamun kifi da kasafin gyaran gadoji. Jiya wa ya san za a zo nan? Haɗi na yau da gobe ne, ba a yi shi don gwamnati ta kwanta a yanka ta ba."

"Ya tambaye ni, duk? Na ce duk."

"To su fa? Sun san mutuminsu ba ya nan, sun san ke kina ɗaure, shi ya sa suka kawo ƙudurin yau. Wannan shi ne mutuncin? Da su ne a kujerarmu, kina jin za su tsaya dogon tunani?"

Ta ture takardun gabanta gefe. Ya miƙe ya je jikin bango, inda taswirar bututun ruwa take manne, jan layi daga madatsar ruwa ta kudu har gonakin Kellan. Ya bi layin da ɗan yatsa.

"Shekara nawa kina bin wannan? Saura sa hannu a watan gobe. Shugabansu ya faɗa a bainar jama'a, ranar farko zai soke shi. Mutanenki ne fa ke sayen ruwa a tanka suna ba tumaki. Shi Merv ɗin ma a ɓoye addu'a yake bututun ya iso."

Abin haushi da irin su Vella shi ne ba duka maganarsu ce ƙarya ba. Da ƙarya ce zalla da an huta. Sukan ɗauko gaskiyarka, wadda ka fi so, su wanke ta su miƙo maka a daidai ranar da suke buƙatarka.

A bakin ƙofa ya juyo, ya rage murya. "Bayan zaɓe zan sauka. Kin sani, na sani. Kujerar taki ce, Glenys. Idan akwai kujerar." Ya fita ya bar ƙofar a buɗe.

Muhawara ta fara, tana jin ta a ƙaramar talabijin ɗin ofis da murya ƙasa-ƙasa. Ta kira gida sau da yawa layi ba ya shiga. Waje ya ƙara duhu, har fitilun titi suka kama da kansu alhali magariba ba ta yi ba. Tsuntsayen da ke cika bishiyoyin harabar da kuka duk suka yi tsit. Ta buɗe takardun gabanta ta rufe, ba ta san abin da ke cikinsu ba.

Sai wayarta ta yi ƙara. Arch ne.

"Minista," in ji shi. Haka yake kiranta in yana son tsokana. Bayan muryarsa akwai wani ruri mai kauri da ƙarar injin famfo.

"Baba, don Allah ka fita daga wurin nan."

"In je ina? Tumakin su hau bas? Kwantar da hankalinki. Ga Merv nan da motar ruwa da mutanensa, sun jiƙa rufi, sun share bayan rumfar askin tumaki. Ƙaton banza, duk ya tattake mini tumatir." Ya yi tari mai tsawo. "Ke, nasu sun kira shi ɗazu da rana. Ina tsaye kusa da shi. Wai ya kamo hanya maza, akwai babbar ƙuri'a, ba su yarda da ku ba."

Glenys ta riƙe gefen tebur. "Me ya ce?"

"Ya ce su sha ruwa su zauna. Ya ce 'yar Arch ta ba shi hannu, ba inda za shi." Tsohon ya ɗan yi dariya. "Ni dai kin sani ban taɓa zaɓar jam'iyyar nan taku ba, ba kuma zan fara yanzu ba. Amma na ji daɗi, Glen. A gaban mutane ya faɗa."

"Baba, saurara."

"Iska na shirin juyawa. Bari in je in buɗe ƙofar garke."

Layin ya mutu. Ta sake kira, babu ko ƙara.

Ta zauna tana kallon agogon bango. Da Merv ya kamo hanya lokacin da suka kira shi, da yanzu yana kujerarsa, da gwamnati ta faɗi ko ta shiga ko ba ta shiga ba. Bai zo ba saboda ita. Yana can a ƙofar gidan da aka haife ta, riƙe da tiyo. Ta san wannan sarai, kada wani ya ce daga baya ruɗewa ta yi.

Ƙararrawa ta ɗauka. Ƙararrawar ƙuri'a ba ta da daɗin ji, tana kaɗawa a kowane ofis, kowane lungu, har banɗaki, ga koriyar fitila tana walƙiya a gefen kowane agogo. Idan ta tsaya za a kulle ƙofofin zaure, wanda ke ciki yana ciki, wanda ke waje yana waje. Glenys ta ji takun mutane suna wucewa a baranda. Wani ya ɗan tsaya a ƙofarta, ya ci gaba.

Ta ce wa kanta bututu. Ta ce wa kanta tankokin ruwa, da matan da ke wanke yara da ruwan da aka wanke kwanuka. Ta ce Merv ɗan siyasa ne, zai yi fushi ya huce, wata rana ma su yi dariyar abin. Duk ta faɗa wa kanta, ta kuma kusa yarda. Kujerar kuwa ba ta ambace ta ba ko a zuci, amma da ta miƙe, sai da ta tsaya ta gyara wuyan rigarta a madubi.

Mai gadin ƙofar zaure, dattijon da ya san ta tun ranar da aka rantsar da ita, ya riga ya ɗora hannu a kan ƙyaure. Ya dube ta, ya ɗan jinkirta kamar yana ba ta damar ta tuna ta manta wani abu a ofis. Ta sunkuyar da kai ta shige. Ƙararrawa ta tsaya, ta ji an murɗa makulli a bayanta.

Da farko ɓangaren adawa ya ɗauki ihu, ana buga tebur, ana kiran "Kunya, kunya." Wannan bai dame ta ba, ta saba. Abin da ya dame ta bulaliyar adawa ce, wata tsohuwa mai kaifin baki wadda ba ta taɓa barin zagi ya wuce ta ba. Ba ta ce uffan ba. Ta cire tabarau, ta dubi kujerar Merv da babu kowa, ta dubi Glenys, ta naɗe tabarau ɗin ta sa a jaka. A bencin gwamnati ma waɗanda ke kusa da ita kowa ya sami abin dubawa a takardarsa.

Aka ƙirga, aka yi kunnen doki, Kakaki ya jefa tasa. Gwamnati ta tsira.

A matakala 'yan jarida suka yi wa Vella caa a kan haɗin da aka karya. Glenys tana kallo a talabijin. Ya yi fuskar jimami, ya ce, "Yarjejeniya ce tsakanin Mataimakiya da Mista Kleinig su biyu, ban san abin da suka ƙulla ba. Shawarar da ta yanke tata ce, ina kuma girmama ta. Yanzu tunaninmu yana wajen waɗanda wuta ta shafa." Bai leƙo ofishinta ba ranar, bai kira ba washegari.

Labarin Kellan ya zo a gutsure. Iska ta juya, wuta ta biyo ta bayan gonar Hocking. Gidan ya tsira, tsohon ma ya tsira. Rumfar aski ta tafi, da rabin garken. Kyaftin ɗin 'yan sa-kai yana asibitin gunduma, hannayensa biyu sun ƙone, hayaƙi ya taɓa masa huhu. An ce ya koma ne ya janyo wani dattijo daga ƙofar garke. Glenys ta kira matar Merv, waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta aika furanni, mai shagon ya kira ya ce an dawo da su.

Ranar Asabar aka buɗe hanya. Ta sallami direban gwamnati, ta ɗauki tata motar, don ba ta taɓa shiga Kellan a kujerar baya ba. Bayan duwatsu duniya ta koma baƙa. Itatuwa tsaye ba ganye, turakun shinge suna hayaƙi har yanzu, waya ta zube a ƙasa. Nan da can tumaki a kwance sun kumbura, wasu mutane da bindiga suna bin waɗanda ba su ƙarasa ba. Ba tsuntsu ko ɗaya.

Mota ta farko da ta haɗu da ita bayan ta bar kwalta, babbar mota ce ɗauke da ciyawar taimako. Ta ɗaga yatsa. Direban ya wuce. Ta ce baƙo ne, daga wata jiha aka turo shi.

Ta biyu a-kori-kura ce da tankin ruwa a baya. Ta san mutumin, shi ke sayar da taki a gari, ta halarci bikin 'yarsa. Ta ɗaga yatsa tun daga nesa. Ya dubi motar, ya dubi lambar, ya mai da ido kan hanya. Ta ce toka ce ta rufe masa gilashi.

Ta uku wata mata ce da suka yi wasan ƙwallon raga tare suna 'yan mata. Wannan kam ta rage gudu, ta kalle ta sosai, hannayenta biyu a kan sitiyari kamar an ɗinke su. Glenys ba ta sake nemo wa kowa uzuri ba. Ta ji kunya ta rufe ta tun daga wuya har tafin ƙafa, amma duk motar da ta zo sai ta ɗaga, don ba ta san yadda ake wucewa ba a ɗaga ba.

Ta wuce makarantarsu, ta wuce zauren gari inda aka jibge katifu da robobin ruwa, ta tsallake gada, ta kama hanyar gona. Daga kan tudu ta hango rufin gidansu, fari a tsakiyar baƙar ƙasa, da ɗan koren da'ira kewaye da shi inda aka yi ta zuba ruwa. Ko me gari ya yi, akwai gida. Zai yi mata faɗa, zai kira ta Minista da gatse, ya ɗora buta a wuta, ita kuma ta yi masa bayanin bututu.

Sai ga ƙura ta taso daga ƙofar gonar. Tsohuwar motar Arch ce, shuɗiya, gefe ɗaya fentin ya tashi saboda zafi. Tana tafe a hankali yadda yake tuƙi kullum. Hanyar a nan matsattsiya ce, sai kowa ya ɗan kauce. Glenys ta rage gudu har ta kusa tsayawa, ta sauke gilashi.

Ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya taje gashi, girarsa ɗaya ta ƙone. A gaban gilashinsa akwai hular kwano ruwan ɗorawa ta 'yan kwana-kwana, gefenta ya narke, da sunan Kleinig a goshi. Asibiti za shi.

Ta ɗaga yatsa.

Arch Hocking ya dubi 'yarsa. Bai kau da kai ba, bai ɓata fuska ba, ya gan ta sarai, ido cikin ido, motocin suna gogar juna kusan madubi da madubi. Hannayensa manya, masu tabon askin tumaki da wayar shinge, suna kwance a kan sitiyari, ba wanda ya motsa. Ya wuce.

Glenys ta tsaya a tsakiyar hanya, injin yana aiki, toka tana shigowa ta taga tana sauka a cinyarta. Ta zuba wa madubi ido tana jiran jar fitilar birki ta kama. Shuɗiyar motar ta gangara tudu, ta hau gada, ta sha kwana wajen gari. Sai a lokacin ta lura yatsanta yana nan a ɗage.